Tsohon Gidan Bature: A Bar Wa Jemagu Ko A Mai Da Shi Otal?

A hutun ƙarshen zangon da ya gabata na je gida ganin iyaye. Wata yamma bayan la'asar sai ƙafa ta ja ni zuwa tsohuwar unguwar Turawa ta garinmu, wadda har gobe tsofaffi bariki suke ce mata. A can ƙarshen layi, tsakanin itatuwan mangwaro da maɗaci, akwai wani tsohon gida da kowa ya sani da Gidan Di'o. Tun ina firamare nake jin labarinsa, domin marigayi kakana ya yi aikin kuku a cikinsa kafin samun mulkin kai. Abin da na tarar ya sa jikina ya yi sanyi. Iska ta yaye kwanon rufi ta ɓangaren gabas, cediya ta tsiro a jikin bango har saiwarta ta tsaga shi, awaki sun mai da baranda makwanci, ga warin kashin jemagu tun daga ƙofa. Wani dattijo da ke gadin wurin ya amsa sallamata, ya ce, "Ɗana, in shiga za ka yi ka bi gefen bango, tsakiyar daɓen katakon nan gara ta gama da shi."

Shi wannan dattijo ne ya ba ni labarin cewa wani ɗan kasuwa ya nemi hukuma ta ba shi gidan ya gyara ya mai da shi ƙaramin otal, magana kuma ta raba kan mutanen gari. Wasu sun ce a rushe shi a yanka filaye kowa ya huta. Wasu sun ce abin tarihi ne, kada a kuskura a taɓa shi. Wasu kuwa da jin kalmar otal sai suka shiga neman tsari. Tun da na dawo makaranta wannan magana take cina, shi ya sa na ga ya dace in kawo ta gaban 'yan'uwana ɗalibai. Ra'ayina, mai karatu, shi ne a ba shi ya yi otal ɗin. Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma a wajena sharuɗɗan sun fi otal ɗin muhimmanci.

Da farko ya kamata mu fahimci irin otal ɗin da ake nufi. Ba irin dogayen benayen nan masu ɗaruruwan ɗakuna ba ne. Ƙaramin masauki ne na alfarma, mai ɗakuna takwas ko goma ko ashirin, wanda kowane ɗaki yake da kamanninsa, baƙo kuma yana biyan kuɗi ne saboda shi kansa ginin da labarinsa, ba saboda gado da katifa kawai ba. Wato tsufan gidan, wanda a idon mai yanka filaye shi ne aibinsa, a nan shi ne jarinsa.

Me ya sa na fi son a ba wa gidan aiki? Saboda gida ba ya mutuwa don tsufa, rashin mai kwana a ciki ke kashe shi. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san haka. Idan da mutum a gida, daren da rufi ya fara yoyo a kansa zai ɗiga, gari na wayewa ya nemo tsani. Idan babu kowa, ganye ya toshe indararo, ruwa ya koma ya kwanta a kan rufi, ya jiƙa katako, danshi ya kira gara, tsuntsu ya kawo irin cediya ya yar a tsagar bango. Damina biyar ko shida ta isa ta mai da gidan da ya shekara ɗari yana tsaye ya zama kango. Masana harkar adana gine-gine sun daɗe da yarda da wannan. Yarjejeniyar da suka tsara a birnin Banis na ƙasar Italiya a 1964 ta nuna cewa adana tsohon gini yana zuwa da sauƙi idan aka ba shi wani aiki mai amfani ga jama'a, muddin aikin bai sauya masa fasali da ado ba.

Wani zai ce ai akwai doka, akwai kuma hukumar kula da gidajen tarihi da kayayyakin tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Haka ne. To amma mu da muke karatu a Legas mun ga iyakar abin da takarda za ta iya yi. Dab da dandalin Tinubu akwai wani gida da ake kira Ilojo Bar, wanda aka gina wajen 1855 da salon ginin bayin da suka dawo daga Barazil, tun kafin Ingila ta karɓe Legas a 1861. An ayyana shi a matsayin kayan tarihi na ƙasa tun 1956. Duk da haka an bar shi yana lalacewa shekara da shekaru, har ranar Lahadi 11 ga Satumba 2016, jajiberin Babbar Sallah, aka kawo motar rusau aka baje shi. An yi ta kururuwa a jaridu, amma ihu ne bayan hari. Haka nan wanda ya je Zungeru, inda hedikwatar Arewa ta zauna daga 1902 kafin a koma Kaduna, kufai zai tarar da ginshiƙai a cikin ciyawa. Ita kuwa gadar ƙafa ta ƙarfe da aka yi a can a 1904 ta tsira ne saboda an ciro ta an kai Kaduna a 1954. A Ikoyi ma, bayan gwamnatin Obasanjo ta fito da tsarin sayar da gidajen gwamnati daga 2003, da yawa daga tsofaffin gidajen Turawa masu faɗin fili sun tafi, dogayen benaye sun maye gurbinsu. Ba na zargin wanda ya saya. Filin ya fi gidan tsada, kuma babu wanda ya nuna masa hanyar da gidan zai kawo kuɗi yana tsaye.

To me zai hana a mai da su gidajen tarihi? Wannan ita ce amsar da ta fi kwanta wa ɗalibi a rai, kuma akwai inda ta yi aiki. Tsohon gidan gwamnati na Kalaba, wanda aka ƙera a Birtaniya aka kawo shi gunduwa-gunduwa a jirgin ruwa aka harhaɗa a 1884, yau gidan tarihi ne. A Kano akwai Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. A nan kusa da mu, cikin harabar hukumar jiragen ƙasa a Ebute Metta, akwai gidan Jaekel da aka gina a 1898, wanda ƙungiyar Legacy 1995 da Farfesa John Godwin suka gyara a 2010 ya zama ƙaramin gidan tarihi. Amma a lura da wani abu: shi kansa gidan Jaekel yana karɓar masu ɗaukar hoton biki da masu shirya fim, har an ɗauki wani sashe na fim ɗin October 1 na Kunle Afolayan a can. Kuɗin shiga kallo kaɗai ba ya sayen fenti. Sannan gidajen tarihi nawa ƙasar nan za ta iya riƙewa? Kusan kowane tsohon lardi yana da gidan Razdan, kowace gunduma tana da gidan Di'o, ban da gidajen saukar baƙi da na manajojin kamfanonin sayen gyaɗa da auduga da na ma'aikatan kuza a Jos. Ba za a cika su duka da tukwane da tsofaffin hotuna ba.

Bari in kai mai karatu wata ƙasa da ta sha mulkin Ingila kamar mu, wato Siri Lanka, wadda a da ake kira Silon, ta kuma samu 'yanci a 1948. A birnin Kolombo akwai wani katafaren gida mai suna Tintagel da aka kammala a 1930. Wani likita ɗan ƙasar ne ya gina shi, sojojin Ingila suka karɓe shi lokacin yaƙin duniya na biyu, daga baya ya koma hannun iyalin Bandaranaike. A barandar gidan nan aka harbi Firayim Minista Solomon Bandaranaike ranar 25 ga Satumba 1959, ya cika washegari. Matarsa Sirimavo, wadda a 1960 ta zama mace ta farko a duniya da ta riƙe muƙamin firayim minista, a nan ta zauna har rasuwarta a 2000. Bayan haka aka ba wani ɗan kasuwa gidan ya gyara ya mai da shi otal mai ɗakuna goma kacal. A 2013, lokacin taron ƙasashe rainon Ingila, a nan Yarima Charles, wanda yanzu shi ne Sarkin Ingila, ya sauka. Gida ne mai nauyin tarihi fiye da Gidan Di'on garinmu nesa ba kusa ba, amma zama otal bai rage masa daraja ba, kuma yana nan tsaye a unguwar da fili ke da tsadar gaske. Ƙasar Indiya ta ma wuce nan, domin ma'aikatar yawon buɗe ido ta ware wani rukuni na musamman ga otal-otal da ke cikin gine-ginen da aka yi kafin 1950, ta kuma ƙayyade yawan sabon ginin da za a iya ƙarawa a kan tsohon, don kada a fake da gyara a haɗiye gidan.

Yanzu sai mu zo kan masu suka, domin suna da hujja, kuma ba zan yi kamar ban ji su ba. Wani abokin karatuna ya ce mini, "Malam, kai da kakanka ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin murhun Bature, kai ne kake kuka don gidan Bature zai faɗi?" Na ce masa ai shi ya sa. Bature zane ya kawo da umarni. Waɗanda suka haƙa ƙasa, suka buga tubali, suka ɗauko dutse a ka, suka sassaƙa katako, kakanninmu ne, wasunsu ma ta hanyar aikin tilas da ake ɗora wa hakimai da dagatai su tara mutane. Kuɗin ginin kuwa daga haraji da jangali ya fito. Wanda ya yi zaman gidan ya tafi fiye da shekara sittin da suka wuce, bai tafi da bulo ko ɗaya ba. Idan muka bar shi ya rushe don haushin Bature, shi Baturen bai ma san ana yi ba, gumin namu muka zubar. Sannan shaida ce. Yaron da za a haifa nan gaba idan aka ce masa an taɓa mulkar mu, gara a kama hannunsa a nuna masa inda aka zauna aka yi mulkin.

Suka ta biyu ita ce ta fi damuna, kuma a kanta ne sharuɗɗana suka tsaya. Waɗannan gidaje an gina su ne don a nisanta mu. Ƙa'idar zamanin Lugga ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, da hujjar kare Turawa daga sauro da zazzaɓi. Baƙin mutum ba ya kwana a unguwar sai in bara ne. Kakana ya sha gaya mana cewa duk shekarun da ya yi a gidan bai taɓa shiga ta ƙofar gaba ba. To idan aka mai da gidan otal na alfarma, aka zagaye shi da katanga, aka sa maigadi da ƙyaure, kuɗin kwana ɗaya ya fi albashin malamin firamare na wata, me ya sauya? A da launin fata ke hana jikan kuku shiga, yanzu aljihu zai hana shi. Yadi 440 ɗin nan bai tafi ko'ina ba, ya dai koma takardar kuɗin ɗaki.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. A ƙasashe da dama masu irin wannan otal ba gini suke sayarwa ba, begen mulkin mallaka suke sayarwa. Za ka ga an rataye hular hana sallah da kan ɓauna a bango, an sa wa ma'aikata fararen kaya da jan ɗamara irin na boyi-boyin da, baƙo ya kishingiɗa a baranda ana kawo masa shayi, yana jin kansa Razdan na kwana biyu. Idan haka ɗan kasuwar garinmu yake nufi, to ni ma na koma layin masu cewa a bar wa jemagu.

Mu ɗaliban harshe muna da abin cewa a nan, domin rayuwar cikin gidajen nan ta bar sawunta a bakinmu. Daga can muka samo boyi da kuku da kicin da tebur da tawul da bokiti. Ita kanta kalmar bariki daga sunan sansanin soja na Turanci ta fito, ta koma nufin masaukin Bature da unguwarsa, daga nan ta zarce ta zama sunan wata irin rayuwa, har aka samu ɗan bariki da zaman bariki da barikanci. Duk waɗannan kalmomi ba ta falo suka shigo Hausa ba, ta ƙofar baya suka shigo, a bakin masu dafa abinci da masu wanki da guga da masu kula da doki. Su ne tafintocin farko da babu wanda ya rubuta sunansu. Inda suka kwana kuwa shi ne jerin ƙananan ɗakunan nan na bayan gida, masu ƙaramar taga ɗaya, waɗanda har yau masu ba da haya a Legas suke kira da sunan boyi-boyi.

Saboda haka sharaɗina na farko shi ne kada a rushe waɗannan ɗakuna. Na san su ne abin da mai gyara zai fara kai wa guduma, don ya samu wurin ajiye motoci ko janareta ko tafkin wanka. A bar aƙalla ɗaya yadda yake, da kicin ɗin da murhunsa, a rubuta bayani da Hausa da Turanci da harshen mutanen wurin, a nemo 'ya'ya da jikokin waɗanda suka yi aiki a gidan a naɗi abin da suka ji daga iyayensu tun ba su ƙare ba. Wannan aiki ne da ɗalibin aji huɗu zai iya yin kundin digirinsa a kai. Ba sabon abu nake kawowa ba. A jihar Luwiziyana ta Amurka akwai tsohuwar gonar bayi ta Whitney da aka buɗe wa jama'a a 2014, inda aka juya labarin gaba ɗaya: maimakon a yi ta nuna wa baƙi kujeru da labulen maigida, rayuwar bayin ake nunawa. Idan baƙon otal ɗinmu ya kwana a ɗakin Di'o, ya kamata da safe ya leƙa ya ga inda mai dafa masa shayin Di'o ya kwana, ya gwada faɗin ɗakunan biyu da idonsa.

Na biyu, haya za a bayar ba sayarwa ba, ta shekaru sanannu, da yarjejeniya a rubuce wadda za a karanta wa jama'ar gari, kuma idan ya saɓa a karɓe. A cikinta a sa rana ɗaya a mako da ɗaliban makaranta da duk mai so zai shiga ya zagaya kyauta, ta ƙofar gaba. Lambun da barandar su zama wurin da malamin makaranta zai iya zama ya sha shayi da kuɗin da bai fi ƙarfinsa ba. Ma'aikata kuma a ɗauko su daga garin, har da manaja, ba masu shara kaɗai ba.

Sai maganar gyaran kansa, domin sau da yawa mai gyara ya fi gara ɓarna. Mun saba da cewa gyara shi ne a kankare komai a shafe da siminti, a manna tayil, a cire tagogin katako a sa na gilashi da alminiyom. Tsofaffin bangayen nan da farar ƙasa ko laka aka haɗa su, suna shan danshi suna fitar da shi. Idan aka lulluɓe su da siminti danshin ya rasa mafita, sai bango ya riƙa ruɓewa daga ciki alhali waje yana sheƙi. Haka kuma an tsara gidajen ne su sanyaya kansu: rufi mai tsawo, baranda ta zagaye, tagogi suna kallon juna, wasu an ɗaga su a kan ginshiƙai iska tana bi ta ƙasa. Wanda ya toshe baranda don ya ƙara ɗaki, ya sauke silin don na'urar sanyaya ɗaki ta yi saurin kamawa, ya kashe abin da baƙo ya zo gani, ya kuma ɗora wa kansa kuɗin man janareta. Babbar matsala ita ce banɗaki. Gidan da aka gina wa iyali ɗaya yanzu kowane ɗaki yana son nasa, kuma kowane bututun ruwa da aka fasa bango aka shigar wata sabuwar hanyar yoyo ce. Gara a haƙura da ɗakuna shida masu kyau, sauran a yi sabon gini ƙarami daga baya, wanda kowa zai gane sabo ne. Alherin da ke cikin irin wannan gyara shi ne yana tilasta a nemo tsofaffin magina da kafintoci, su kuma su koya wa yara. A Arewa inda wasu gidajen na ƙasa ne da azara, kamar Gidan Ɗan Hausa, ai babu injiniyan da zai yi aikin in ba magina na gado ba, masu sanin makuba da yaɓe.

Su kuwa masu neman tsari da jin sunan otal, na fahimce su, barikanci bai bar wa kalmar mutunci ba. Amma su je su ga abin da ake yi a kangon da dare yanzu. Baba maigadi ya nuna mini kwalaben maganin tari da guntayen taba a ɗakin da a da nan ne ofis. Wurin da ke da rajista da fitila da mai amsa tambaya ya fi sauƙin sa ido.

Ban ce kowane tsohon gida zai zama otal ba. Otal baƙi yake ci, baƙo kuma ba ya zuwa inda babu hanya, babu wuta, babu tsaro. Abin da zai yi aiki a Kalaba ko Jos ko Lakwaja, inda masaukin Lugga yake a kan dutsen Patti yana kallon mahaɗar Kwara da Binuwai, ba lallai ya yi aiki a ƙauyen da mota ke shiga sau biyu a mako ba. Wasu gidajen ɗakin karatu ya fi dacewa da su, wasu asibitin sha-ka-tafi, wasu ofis. Na garinmu dai yana bakin babbar hanya, ga kasuwar mako da ke tara fatake, ga masu zuwa biki da ba su da wurin sauka, shi ya sa nake ganin zai iya ciyar da kansa.

Har na baro gida hukuma ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, takarda tana kan tebur. Damina kuwa ba ta jiran sa hannu. Kafin in tafi na ce wa dattijon, "Baba, ko akwai tsani mu hau mu share indararon nan, mu sare cediyar?" Ya yi dariya ya ce akwai, yana cikin sito, sai dai shi ma gara ta cinye matakala uku na ƙasa.